Igiyar Ramin Jinkiri

Da sunan Allah mai juya rana da wata, wanda bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa gaggawa ba. Ku matso kusa, don muryata ba ta da ƙarfi. Ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna kuma bai yi nisa ba, amma abin da na gani a Birnin Tsaka ya ƙi kwanciya a cikina, kamar abincin da ya yi yami. Gara in fitar da shi in huta.

Sunana Hansai. Maigidana mai ɗinkin ƙwarya ne. Sunansa kuwa za ku ji shi sau ɗaya tak a labarin nan, a inda dole ta sa na faɗa, don a gidanmu mace ba ta kama sunan mijinta.

Ba mu daɗe da aure ba ya ji labarin wata ƙasa can bayan tafkin gishiri, inda duma ke girma har ƙwarya ɗaya ta kai bukka. Ya ce wanda ya iya ɗinke irin wannan ya gama neman abinci. Na ce to. Muka ɗora kaya a jaki muka miƙi gabas. Muka wuce garin da ake noma a kan rufin ɗaki, muka wuce kogin da ke gudu da safe ya dawo da yamma, har muka isa. Labarin gaskiya ne, mutane a cikin ƙwarya suke kwana. Aiki ya samu, basillarsa ba ta hutawa.

Wata safiya ya zura hannu cikin wata tsagaggiyar ƙwarya don ya jawo zare. Ashe kububuwa ce ta yi ɗaki a ciki.

Wanzamin garin ya yi masa ƙaho, ya tsotse abin da zai tsotsu, sannan ya dube ni.

“Yarinya, dafi ya wuce gwiwar hannu. Jibi warhaka ya kai zuciya.”

“Baba, ba magani?”

“Akwai. Saiwar maida-rai. Amma sai wadda ta shekara uku a ƙasa, kuma kullum sai an ba ta ruwa da hannu.”

“A ina ake samu?”

Ya tofar da yawu gefe. “An daina shuka ta. Tun da aka gano Ramin Jinkiri, wa zai wahala da magani?”

Ya ba ni ɗan irinta a ƙullin tsumma, ya kwatanta mini yadda abin yake. Birnin Tsaka yana tsakanin wani rami da wani dutse. A cikin ramin lokaci rarrafe yake yi, shekarar birni ba ta fi yini guda a can ƙasa ba. A kan dutsen kuwa gudu yake, mutum ya shekara uku kafin birni ya shekara ɗaya. Ya ce in kai shi rami ya jira, ni kuma in hau dutse in yi shuka.

Birnin da nisa. Na ba wani mai jimina jakinmu don ya kai mu. Na ce masa hanyar nan ai ta fi ƙarfin kwana biyu.

“Ga mai jaki, haka take,” in ji shi. “Hanya ba ta da tsawo guda, amarya. Mai gudu tasa gajera ce. Riƙe mijinki da kyau.”

Ya buga wa jiminar dunduniya. Wallahi sai na ga duwatsun gabanmu sun matse sun zama sirara kamar faifai a tsaye, itatuwa sun lanƙwaso suna leƙenmu. Na yi amai a kan gashin tsuntsuwar, mutumin yana ta zagi. A ganina ban fi tauna goro ɗaya a hanya ba, amma da muka sauka a ƙofar birni rana ta karkata. Na so in tambaya ina sauran yinin ya tafi, kunya ta hana ni.

Tun daga nesa na ji warin ramin. Ba warin gawa ba ne, warin mutanen da aka ajiye ne ba a wanke ba, ya gauraya da ƙamshin tsire. Don a bakin ramin kasuwa ake ci. An kafa turaka kewaye da shi, kowane turke da igiyoyi, kowace igiya da kwando a ƙarshenta can ƙasa, kowane kwando da majinyaci. Iyalai sun shimfiɗa tabarmi suna cin nama, suna leƙawa, suna nuna wa yara: “Ga kakanku can, yana nan da ransa.”

Mai kula da wurin shi ake kira Sarkin Igiya Jatau. Na same shi a kan buzu yana cin kan rago, maiƙo na bin hannunsa har gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi.

“Sunan majinyaci,” ya ce bai ɗago ba. “A jikin turke ake sassaƙa shi.”

Maigidana a some yake. Na sunkuyar da kai.

“Ke, kurma ce?”

“Ranka ya daɗe, maigidana ne.”

“Na ga ba ubanki ba ne. Sunansa.”

Bakina ya ƙi buɗuwa. Yaransa suka fashe da dariya. Sai na yage gefen zanena, baƙi mai ratsin ja, na ɗaure a wuyan igiyar.

“Shi ke nan,” in ji Jatau. “Mijin tsumma.”

Suka sa shi a kwando suka fara zurarawa. Yana sauka ya farfaɗo, ya kira sunana, muryar ta yi kauri, ta ja, ta ja, ta zama kamar gurnanin sa daga nesa, har na daina gane ta. Na kwanta rub da ciki na leƙa. Can ƙasa da kwandunan na ga wasu mutane a sarari, ba igiya, ba kwando. Kansu ƙasa, hannuwa a buɗe, baki a buɗe, jikinsu ya yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ba sa motsi.

“Ranka ya daɗe, waɗancan fa?”

“Igiyarsu ta tsinke.”

“Sun mutu ke nan?”

“Kin ga gawa?” Ya tsotsi ƙashi. “Wancan mai furfurar, tun ina yaro yake faɗuwa, har yau bai kai ƙasa ba. Ba wanda ya taɓa mutuwa a ramin nan, shi ya sa ba mu san zaman makoki ba. Malamanmu sun auna sun gama. Kowa da lokacinsa kamar yadda kowa da cikinsa. Yanzun da kike ciki ba ya sauka can. Ba ki da ikon cewa yanzu yana shan wuya.”

“A wurinsa fa?”

“Wannan shi ya shafa.”

Wata mata a kusa da mu ta jefa ƙashin kaza cikin ramin, yaranta suna tafi suna kallon yadda yake rage gudu. Na dubi igiyoyin, na lura wuyansu duk ya yi baƙi ya fara zarewa, amma can ƙasa fes suke kamar yau aka tuƙa su.

“Me ke tsinka su?”

“Damina. Sama na tsufa, ƙasa na nan sabuwa. Wanda danginsa suka zo suka tuna mana, mu sake masa. Akasari ba sa zuwa.”

Sai tambaya ta kuɓuce mini.

“Ranka ya daɗe, igiyar nan kanta ɗaya na jikin turkenka, ɗayan na jikin kwandonsa. Ita a lokacin wa take?”

A karo na farko ya ɗago ya kalle ni. “Kowane kamu da nasa lokacin.”

“Amma in ka ja, yana ji.”

“Daga baya yake ji. Tashi, amarya, kin tare mini iska.”

Na tashi. Amma raina ya ƙi yarda. Abu ɗaya na riƙe: igiyar maigidana ba za ta wuce damina ɗaya ba.

Na hau Dutsen Gaggawa tare da ayarin masu kai kaya. A can mutanen birni ke kai duk abin da suke so ya yi sauri: kalwa don ta zama daddawa, 'yan raguna don su yi ƙiba kafin salla. Dutsen gaba ɗaya warin daddawa da kashin tumaki yake. A bayan ayarin kuma na ga jakuna ɗauke da tsofaffi.

A can sama rana ba ta son tafiya. Sai ka yi barci ka farka, ka sake yi ka sake farkawa, tana nan ba ta faɗi ba. In ka leƙa birni sai ka ga mutane na tafiya kamar ƙuda a cikin zuma.

Na sami wani lungu kusa da idon ruwa na yi shuka. Ina cikin tono sai na ji murya a bayana.

“Wa ya turo ki tun da ƙuruciyarki? Me kika yi musu?”

Wata tsohuwa ce 'yar firit, haƙori biyu, da sanda. Ta ce sunanta Yalwa, in kira ta Gwoggo. Na ba ta labari.

“Ni ɗana ne ya turo ni shan iska,” in ji ta. “Iska mai kyau, wallahi, shekara uku take ci a ɗaya. Haka suke yi, 'yar nan. In suna tsoron a ce sun bar ka ka mutu, sai su kai ka ƙasa. In sun gaji da ganinka, sai su kawo ka sama ka yi maza ka gama. Ko ta ina hannunsu tsaf.”

“Ba ya zuwa duba ki?”

“Ya ce lokacinmu ba ɗaya ba ne, ba a san yaushe zai zo ba a same ni. Ɗan banza. Da yana tsotson nono lokacinmu ɗaya ne.”

Iri biyar na shuka, uku suka fito. Ragunan masu kiwo suka cinye biyu rana guda, makiyayin yana tsaye yana sakace haƙori. Na zauna a gaban ɗayan da ya rage. Sai na tuna basillar maigidana na cikin kayana. Na bi bola na tsinto fasassun ƙwaryar masu daddawa, na wanke su har hannuna ya yi fari, na zauna ɗinki. Bai taɓa koya mini ba, ni dai nakan zauna gefe ina tankaɗe ina kallon hannunsa. Na ɗinke su suka zama rumfa mai ƙofa a sama don rana, na kife a kan tsiron, na danne da duwatsu.

“Mijin nan naki,” Gwoggo ta ce tana kallon ɗinkin, “ba shi da suna ne?”

“Yana da shi.”

“To?”

Na rufe fuska da gyale.

“Oho. Irin ku ne. Ni ma haka na yi da nawa, har ya mutu ban kira shi ba. Yanzu in na so in faɗa sai in ji kamar sunan baƙo.”

Haka muka zauna. Ina ɗebo ruwa, tana kora raguna da sanda da ashar. Tafin hannuna ya tsage ya warke ya sake tsagewa. Zanen aurena ya koɗe. Tsofaffin da muka hawo tare suka riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, mu ke yi musu wanka, ba wanda ya hawo daga birni. Ana nan na ga hadari ya taru a ƙasa da mu, ruwa na sauka a kan birni a hankali kamar zare. Kullum in na leƙa sai in ji kamar a wuyana igiyar take jiƙewa. Ganyen maida-rai kuwa sai ya yi ja saiwar ke nuna, haka wanzami ya ce, kuma shi tsiro ba ya jin magiya.

Ranar da ya yi ja na tone shi da yatsuna. Gwoggo ta ɗaure kayanta.

“Ina za ki?”

“In ga ƙarshen wahalata mana. Ni na kori ragunan nan.”

Na goya ta muka sauko.

Damina ta wuce a birni. Kasuwar bakin rami na nan yadda na bar ta, Jatau na kan buzunsa, sai dai ya ƙara faɗi. Na je turken da na sani. Ba tsumma. Iska kuma ta sarƙe igiyoyin wajen goma a wuri ɗaya, duk sun yi baƙi.

“Ranka ya daɗe, ƙyallen da na ɗaura fa?”

Ya duba gefensa, ya ɗago wani abu da ya daskare da maiƙo. Da ƙyar na gane ratsin ja. Da shi yake goge hannu.

“A jawo su duka mana,” in ji Gwoggo.

“Tsohuwa, wanda aka jawo ba maganinsa a hannu, kafin ya iso ya cika. Sai a ce Jatau ya yi kisa. Amarya ta kira shi. In ya ji zai girgiza igiyarsa. Amma ta ja maganar sosai, don abin da muka faɗa nan, a can kamar ƙiftawar ido yake wucewa.”

“Kai ka kira mana,” in ji Gwoggo.

“Ni igiya nake ja. Kuma wa zan kira? Tsumma?”

Na kwanta a bakin ramin. Mutane suka taru, wasu da tsire a hannu. Na cika ƙirji na ja: “Maigida.” Na ja ta har numfashina ya ƙare, na sake ɗauka daga inda na tsaya. Muka jira. Can sai igiya ta fara karkata a hankali. Sai ta biyu. Sai ta uku, ta huɗu. Kowane namiji a ramin nan maigidan wata ne.

Dariya ta ɓarke. Wani ya ce, “Amarya ta yi kasuwa, ta zaɓi mai ƙiba!” Ana cikin haka na ji ɗas. Ɗaya daga igiyoyin da suka motsa ta rabu da turke, ta sulale ciki kamar maciji. Ba wanda ya daina tauna.

“Na wane ne?” na ce. “Na wane ne?”

“Ko na wane ne, bai mutu ba,” in ji Jatau.

Gwoggo ta ɗirka mini sanda a baya. “Ke! Ni ba ni da numfashi, da na yi miki. In nasa ne na gaba, kunyar nan za ki dafa ki ci?”

Na dubi fuskokin da ke kewaye da ni, leɓɓa duk maiƙo. Sai na ga a cikinsu babu wanda ya isa in ji kunyarsa. Na cire gyale na ajiye. Na leƙa duhun nan na buɗe baki.

“Haladu.”

Ba haka ya fito a gajarce ba. Gaɓar farko kaɗai sai da na sake numfashi ya fi sau nawa. Ta biyu maƙogwarona ya fara zafi. Ta uku na ji ɗanɗanon jini. Abin da ban taɓa faɗa ko cikin raɗa ba, na shimfiɗa shi a gaban kasuwa kamar shanya, har masu dariya suka gaji suka yi shiru.

Muka jira. Ba abin da ya motsa. Na kafa ido a kan igiyoyin har hawaye ya zo. Wani ƙuda ne zaune a kan ta gefe, wadda sili biyu kawai suka rage a wuyanta. Na ga ƙudan ya gyara tsayuwa, ya sake gyarawa, ya tashi. Igiyar ce ke motsi a ƙarƙashinsa.

“Wannan ce,” na ce.

Yaran Jatau suka kama daga turke. Na ce a'a, na miƙa jikina cikin ramin na cafko ta ƙasa da inda ta ruɓe, Gwoggo na riƙe da ƙafata. Nauyin ya kusa tafiya da mu. Sai na ji hannu a ƙuguna. Matar nan ce mai jefa ƙashin kaza, ko wata irinta, ban duba ba. Wasu mata suka kama bayanta. Muka ja.

Ya fito hannu a kumbure har kafaɗa, leɓe a bushe. Na tauna saiwar na matsa masa a baki, sauran na shafa a cizon. Ya yi amai baƙi ƙirin a kan buzun Sarkin Igiya, kuma wannan ne abu na farko da na gani a garin da bai tayar mini da zuciya ba. Kafin la'asar ya buɗe ido sosai.

Ya daɗe yana kallona. “Hansai? Jiya-jiyan nan kika rame haka?”

“Jiyanka,” in ji Gwoggo. “Da ka girme ta, yanzu ita ce babba. Gobe kai za ka durƙusa ka gaishe ta.”

Ya kama hannuna ya juya, ya ga tsagar. Can ya ce, “Ina ciki na ji wani abu ya wuce ta kunnena, siriri, kamar kukan sauro. Sunana ya faɗa. Wa ya kira ni?”

Na jawo gyalena na rufe kai.

“Sauro ne,” na ce.

Gwoggo ta yi dariya har ta shaƙe.

Ba mu kwana a garin ba. Kafin mu tafi na sake leƙawa sau ɗaya. A ƙasa da kwandunan akwai sabon mai faɗuwa, kwandonsa na gefensa, bai riga ya yi ja ba. Ya ji an ce maigida, ya amsa. Ba wanda ya san sunansa a bakin ramin, na tambaya. Na yi masa addu'ar da ake yi wa mamaci, da ƙarfi, Jatau na cewa ba a yin wannan a nan.

Gwoggo ta biyo mu. Ba ta nemi gidan ɗanta ba, ta ce ta ga sama ta ga ƙasa, tana so ta ƙarasa a inda rana ke faɗuwa kan kari. Ni kuma na naɗe igiyar na taho da ita. Tana rataye a ɗakina. Kanta ɗaya ya ruɓe, in ka taɓa sai ya zube, ɗayan kuma har yau ƙamshin sabuwar rama yake. Duk malamin da ya sauka a gidanmu sai in sa maigidana ya nuna masa, ya tambaye shi shekarunta. Wasu su ce kaza, wasu su ce tambayar ba ta da kai. Ni dai na san ranar da na ja ta, da mutum a ƙarshenta, kuma ya zo.

Nan numfashina ya tsaya. Abin da na ƙara, Allah ya yafe mini, abin da na rage kuwa ƙazanta ce da ba ta faɗuwa.